Outlook Ko Thunderbird? Fara Sanin Inda Wasiƙarka Take Kwana

Assalamu alaikum, jama'ar wannan fili. A 'yan makonnin nan tambayoyi kan imel na wurin aiki sun taru mini kamar an haɗa baki. Na zaɓi biyar. Ta farko za ta fi cin wuri, don wanda ya gane amsarta ya gane rabin sauran.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni akanta ne a wani kamfanin saye da sayar da riɗi da zoɓo a wajen kasuwar Dawanau. Mu tara ne a ofis. Bana Alhaji ya biya kuɗi aka buɗe mana adireshin imel mai ɗauke da sunan kamfani, saboda masu saye daga ƙasashen waje ba sa sakin jiki da wanda ya rubuto musu ta Gmail. To sai gardama ta tashi. Ɗan Alhaji da ya dawo daga karatu ya ce sai dai Outlook. Yaron da ya haɗa mana adireshin ya ce Thunderbird kyauta ne, shi ya fi. Ni kuwa tun da nake, a burauza nake buɗe wasiƙuna. Wanne za mu ɗauka? Daga Akanta, Kano.

AMSA: Barka kadai, Malam Akanta. Kafin in raba muku gardama, akwai tambayar da babu wanda ya yi a cikinku, kuma ita ce gaba: a ina wasiƙunku suke kwana?

Duk wanda ya yi zamanin akwatin gidan waya zai tuna yadda abin yake. Ofis yana da lambar akwatinsa, wasiƙa ta iso ta zauna a can, masinja ya hau keke da ɗan mabuɗinsa ya je ya kwaso. Imel bai sauya wannan tsari ba. Akwatin yana nan, sai dai yanzu yana cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira uwar garke, a hannun kamfanin da Alhaji ya biya. Outlook da Thunderbird masinjoji ne kawai. Burauza kuma, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin Chrome, kai ne ka taka da ƙafarka har gidan waya ka karanta a tsaye. Kenan kuna ta jayayya kan wane masinja za a ɗauka aiki, alhali ba ku san girman akwatin ba, ba ku san a aljihun wa mabuɗin yake ba.

Shi masinjan nan hanya biyu yake aiki, kuma mai saita kwamfuta ne yake zaɓa masa. Ta farko ana ce mata POP, tsohuwa ce, tun 1984 take. A wannan hanya masinja yana kwashe akwatin ya kawo komai cikin kwamfuta ɗaya. Idan ba a ce masa ya bar kwafi a baya ba, akwatin zai zama wayam. Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya tsara a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. A nan asalin wasiƙa yana zaune a uwar garke, kwafi ake kawo maka. Ka karanta a kwamfuta, wayarka ma ta nuna an karanta. Ka aika amsa daga waya, ka tarar da ita a kwamfuta.

Ba a littafi na koyi bambancin nan ba. Wata Litinin, shekarun baya, aka kira ni wani ofis da nake duba musu kwamfutoci. Wuta ce ta dawo da ƙarfi ranar Asabar babu kowa, kwamfutar sakatariya kuma an bar ta a jone. Ina shiga na ji ƙaurin nan na ƙonannar roba. Na buɗe akwatin kwamfutar, na cire faifan ajiyar na jona a tawa, sai wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas yake yi, ba ya juyawa. Manaja yana tsaye a kaina, shayinsa ya huce a kan tebur, yana cewa, "Injiniya, ai ba komai, imel a intanet yake, ko?" Na shiga uwar garken ta burauza a gabansa. Wasiƙu goma sha ɗaya muka tarar, waɗanda suka shigo tsakanin Asabar da Litinin. Sauran na shekara shida duk suna cikin fayil guda ɗaya, irin wanda Outlook yake kira PST, a cikin wannan faifan da ke ƙas-ƙas. Wanda ya fara saita musu ya sa POP ne, bai bar kwafi ba. Sakatariyar ba ta ce uffan ba, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Laifin ba na Outlook ba ne. Da Thunderbird ne aka saita haka, da abin da zai faru kenan.

Me ya sa masu saitawa suke son POP? Saboda akwatunan da ake samu a hostin mai araha, wato hayar wuri a uwar garke, ƙanana ne. Idan akwati ya cika, wasiƙu suna komawa ga masu aikowa, a kira yaro a yi masa faɗa. Shi kuma don ya huta sai ya sa masinja ya riƙa share akwatin kullum. Ku kuma masu harkar fitar da kaya, takardunku masu nauyi ne: hoton buhuna, takardar gwajin inganci, takardar lodin jirgi. Kuma fayil idan aka maƙala shi a imel yana ƙara kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda yadda ake mayar da shi haruffa kafin a aika. Fayil mai mega 15 yakan zama wajen mega 20 a hanya.

Don haka gobe da safe ka zaunar da yaron nan, cikin mutunci, ka tambaye shi giga nawa kowane akwati yake ɗauka, kuma nawa ne kuɗin ƙarawa. Sannan ka tambaye shi abin da ya fi wannan muhimmanci: da sunan wa aka yi rajistar sunan kamfanin a intanet, wa yake riƙe da kalmar sirrin shiga hostin ɗin, kuma a wane wata ake sabunta biya. Rajistar nan haya ce, galibi ta shekara-shekara. Na sha ganin kamfanin da wasiƙunsa suka tsaya cak saboda haya ta ƙare, sanarwar kuma tana zuwa adireshin wani yaro da ya tafi bautar ƙasa ya canza layi. A mayar da komai sunan kamfani, a rubuta a takarda, Alhaji ya sa a cikin sef tare da takardun fili.

Yanzu ga masinjojin.

Ɗan Alhaji bai yi ƙarya ba, Outlook gwani ne. Tun 1997 yake cikin Office, wato ƙunshin manhajojin ofis na kamfanin Microsoft, kuma a manyan ofisoshi shi ne sarki. Amma ƙarfinsa yana fitowa ne idan akwatin ma na Microsoft ne, wato Exchange ko Microsoft 365. A nan ne za ka ga kalandar abokin aikinka, ka kira taro kowa ya amsa, ka samu sunayen duk ma'aikata ba tare da ka rubuta ba. Idan ka jona shi da akwatin hostin na gama-gari irin naku ta IMAP, wasiƙu za su tafi daidai, amma kalanda da jerin adireshi suna maƙalewa a wannan kwamfutar kaɗai. Ranar da aka yi mata fomatin, wato aka share komai na cikinta, sun tafi. Kamar ka sayi babbar mota ne kana ɗaukar buhu biyu da ita.

Sannan akwai maganar da ba a son yi. Wane Outlook? Idan wanda mai gyara yake zuba wa kwamfuta ne daga filas ɗinsa, wanda aka fasa wa lasisi, to ban yarda a sa wasiƙun kuɗi a ciki ba. Ba ka san abin da aka cusa a cikin abin fasawar ba, kuma da yawa tsofaffi ne. Office 2016 da Office 2019 ma na halal, Microsoft ya daina toshe musu ɓarakar tsaro tun 14 ga Oktoba, 2025, rana ɗaya da Windows 10.

Thunderbird kuwa na gidan Mozilla ne, masu burauzar Firefox. Sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a Disamba 2004. Kyauta ne na gaskiya, ba na sata ba, da gudummawar masu amfani da shi ake biyan masu gina shi. Yana aiki a Windows da Mac da Linux. Aikin da aka gina shi dominsa kenan, wato akwatuna irin naku. Ka ba shi adireshi da kalmar sirri, sau da yawa da kansa yake gano saitin. Idan ya tambaya, lambar ƙofar karɓa ta IMAP ita ce 993, ta aikawa kuma 465 ko 587. Idan ka ga 995 ko 110, to POP aka sa maka, ka ce a canza.

Yana da nasa aibin. Wanda ya saba da Outlook zai yi mako guda yana lalube. Ba ya buɗe fayil ɗin PST kai tsaye, sai Outlook yana kan kwamfutar sannan zai iya kwaso tsofaffin wasiƙu daga gare shi. Kuma ranar farko mayunwaci ne: idan ba ka hana shi ba, zai sauko da duk abin da ke cikin akwati, ya cinye datar ofis kafin azahar. Ka shiga saitin asusu ka ce masa ya ajiye na kwana 90 na baya-bayan nan kawai, manyan wasiƙu kuma kada ya sauko da su sai an buɗe.

Kai kuma mai burauza, ba ka yi laifi ba. Yawancin hostin irin wannan suna ba da wani shafi mai suna Roundcube, kuma yana aiki. Babu abin da zai ƙone maka, tunda ba ka ajiye komai ba. Illarsa ɗaya ce, kuma ka san ta: ranar da sabis ya ɗauke, tirela tana bakin sito, direba yana jiran lambar da mai saye ya aiko jiya, kai kuma kana kallon shafi yana juyawa. Mai Thunderbird ko Outlook zai buɗe wasiƙar jiya ko babu sabis, ya rubuta amsa ta jira a layi.

Hukuncina: kai da duk wanda yake rubuta wa masu saye, ku sa Thunderbird ta IMAP. Mai kula da sito da sauran waɗanda wasiƙa biyu suke gani a mako, burauza ko waya ta ishe su. Ɗan Alhaji kuma, idan lasisinsa na halal ne, a bar shi da Outlook ɗinsa. Daɗin IMAP kenan, akwati ɗaya yana karɓar masinja goma ba a yi faɗa ba. Abu ɗaya kawai za ka riƙe: a IMAP abin da ka goge a wuri ɗaya ya gogu a ko'ina. Saboda haka ƙarshen kowane wata ka kwafi wasiƙun kuɗi zuwa wani faifai daban da ba ya kwana a jone.

TAMBAYA: Malam, ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta. Da manhajar Mail da ta zo da Windows nake aiki shekara da shekaru. Kwatsam ta daina, wani Outlook ya maye gurbinta, har da talla a saman wasiƙu kamar saƙo. Shugabar makaranta kuma nata Outlook ɗin bai yi kama da nawa ba. Ko cuta ce ta shiga kwamfutar? Daga Sakatariya, Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba cuta ba ce. Microsoft ne ya yi wa Mail da kalandarta ritaya a ƙarshen Disamba 2024, ya tura kowa zuwa abin da yake kira sabon Outlook. Ruɗanin da kike gani shi ya haddasa shi da kansa, don ya ba abubuwa daban-daban suna ɗaya. Akwai tsohon Outlook na cikin Office, wanda nake kyautata zaton shi ne a kwamfutar shugabarku. Akwai sabon da ke gabanki. Akwai na burauza, akwai na waya. Ni kaina idan aka kira ni aka ce "Outlook ya ƙi", sai na ce a turo mini hoton allo kafin in buɗe baki.

Sabon nan, a ƙashin bayansa, shafin intanet ne aka sa wa riga. Shi ya sa ya fi sauƙi a ido, shi ya sa kuma bai kai tsohon juriya ba idan sabis ya ɗauke, duk da cewa daga baya an ƙara masa damar aiki babu intanet. Tallan kuwa kuɗin kyautar ne. Wanda yake biyan Microsoft 365 ba ya ganinsa.

Abin da ya fi damuna ba tallan ba ne. Idan kika jona sabon Outlook da akwatin da ba na Microsoft ba, kamar Gmail ko adireshin makaranta, ba kwamfutarki ce take zuwa akwatin kai tsaye ba. Uwar garken Microsoft ce take shiga ta kwaso wasiƙun, ta ajiye kwafi a wajenta, sannan ta miƙo miki. Mujallar kwamfuta ta c't da ke Jamus ta bankaɗo wannan a Nuwamba 2023, har ta nuna cewa bayanan shiga akwatin IMAP ma suna tafiya can. Manhajar tana faɗa a wani allo lokacin jonawa, amma wa yake karantawa? Ke kuma wasiƙunki akwai sakamakon jarrabawar yara, da lambobin wayar iyaye, da maganar wanda bai biya kuɗin makaranta ba. Tun Yuni 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma makaranta tana cikin masu riƙe irin waɗannan bayanai. Ban ce haramun ne a yi amfani da shi ba. Na ce ba ke ce ya kamata ki yanke wannan shawara ke kaɗai da danna maɓalli ɗaya ba. Ki kai wa shugabarku maganar.

Idan adireshinki na Outlook.com ne ko Hotmail, to dama wasiƙun a gidansu suke, ki ci gaba abinki. Idan Gmail ne, ki buɗe shi a Chrome, ki kunna masa aiki babu intanet a cikin saiti. Zai ba ki zaɓin ajiye wasiƙun kwana 7 ko 30 ko 90. Amma kada ki kunna wannan a kwamfutar da kowa yake zama a kai. Idan kuma kin fi son manhaja mai zaman kanta irin wadda kika rasa, Thunderbird ne mafi kusa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji. Ofishinmu Microsoft 365 yake amfani da shi, amma ni Thunderbird na saba da shi tun ina jami'a a Yamai. Mai kula da kwamfutocinmu ya hana ni sa shi. Yana da wannan hurumin? Daga wani ɗan'uwa, Maraɗi.

AMSA: Yana da shi, ɗan'uwa, kuma da ni ne a kujerarsa abin da zan yi kenan. Akwatin na ƙungiya ne, ba naka ba. Ranar da laftof ɗinka ta ɓace a tasha da sunayen waɗanda kuke raba wa tallafi a ciki, shi za a tsayar. Da Outlook yana da hanyar sarrafa abin da ke faruwa da asusun, kuma ya san inda zai duba. Ban da wannan, ofisoshi da yawa suna rufe ƙofar IMAP gaba ɗaya.

Ko da ya yarda, kai za ka sha wahala. A ƙarshen 2025 Thunderbird ya fara magana da Exchange kai tsaye, amma da wasiƙu ya fara, kalanda da jerin adireshi ba su shigo tare ba. Ku kuma 'yan ƙungiyoyin agaji, rabin rayuwarku taro ne. Za a ɗaga taron ƙarfe goma zuwa sha biyu, kowa ya gani, kai ka zo ka zauna kai kaɗai a ɗaki. Ka bar Thunderbird ɗinka ga adireshinka na kanka. Haɗa wasiƙar gida da ta ofis a manhaja ɗaya ma ba dabara ba ce. Wata rana za ka aika wa shugabanka abin da ka rubuta wa abokin wasanka.

TAMBAYA: Malam, Outlook 2013 nake da shi a shagona na buga takardu. Yana ta tambayata kalmar sirrin Gmail, ina sawa yana cewa ba daidai ba ce. Na canza ta sau uku. A waya kuwa tana shiga lafiya. Daga mai shagon buga takardu, Gusau.

AMSA: Ka daina canzawa, ƙanena, kalmarka daidai take. Ƙofar ce aka toshe. A da, manhaja tana karɓar kalmar sirrinka ta miƙa wa Google duk lokacin da za ta shiga. Daga 30 ga Mayu, 2022 Google ya daina karɓar haka a asusun Gmail na ɗaiɗaikun mutane. Yanzu manhaja tana buɗe maka shafin Google ne, ka shiga da kanka, Google ya ba ta wata shaidar izini da za ka iya sokewa duk lokacin da ka so. Microsoft ma ya bi sahu a Outlook.com da Hotmail a Satumba 2024. Outlook 2013 an haife shi kafin wannan tsari ya zama dole, bai iya shi da Gmail ba.

Akwai ƙofar baya ta halal. Ka shiga asusunka na Google, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai ka ƙara tabbatarwa da wayarka, sannan ka nemi kalmar sirri ta manhaja. Zai ba ka haruffa 16, ka liƙa su a Outlook a madadin kalmarka. Zai shiga. Amma faci ne, don Office 2013, wanda Outlook ɗinka yake ciki, ya daina samun gyaran tsaro tun Afrilu 2023, kai kuma shagonka wuri ne da filas ɗin kowa yake shiga, kowa yana turo fayil a buga masa. In ni ne kai, zan bar Word ɗin na ɗan lokaci in babu yadda zan yi, amma wasiƙu zan mayar da su burauza yau ɗin nan. Ka kuma tuna giga 15 ɗin da Google yake bayarwa kyauta ba na Gmail kaɗai ba ne, tare da Drive, ma'ajiyar fayil ta Google, da hotunan wayarka ake lissafi. Shago irin naka yana cika shi da wuri, kuma idan ya cika wasiƙa ba ta shigowa.

TAMBAYA: Malam, ina shigo da kayan gyaran babur daga Chana. Watan jiya wasiƙa ta zo daga mutumin da na shekara huɗu ina saye a wajensa, da sunansa da tambarinsa, a cikin zaren maganar da muke yi, wai bankinsu ya canza, in tura kuɗi sabon asusu. Allah ya taimake ni yarona ya kira shi ta bidiyo, ya ce shi bai aiko ba. Wace manhaja zan saya da za ta tare mini irin wannan? Ko nawa ce zan biya. Daga wani Alhaji, Sakkwato.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa, kuma a yi wa yaron nan kyauta mai tsoka. Amma ka riƙe kuɗinka, babu manhajar da zan ce ka saya don wannan. Matatar da ke cikin Outlook da Gmail da Thunderbird tana kama wasiƙun banza da ake watsa wa dubban mutane. Wannan da ta zo maka kuwa an zauna ne an ɗinka ta daidai wuyanka. Babu cuta a maƙale da ita, babu wani mahaɗi mai haɗari, magana ce kawai ta kasuwanci. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2023 kaɗai an kai mata ƙarar asarar dala biliyan 2.9 ta irin wannan damfara.

Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne ka ce a cikin zaren maganarku ta zo. Wannan yana nufin wani yana karanta wasiƙun ɗayanku, ko naka ko na mutumin. Kada ka ɗauka lallai nasa ne. Yau, kafin ka kwanta, ka shiga akwatinka ta burauza, ba ta manhaja ba, domin abin da ɓarawo yake dasawa a uwar garke yake dasa shi. Ka duba wurin da ake saita tura wasiƙu zuwa wani adireshi, ka duba dokokin tace wasiƙu. Abin da suke yi shi ne su sa doka mai cewa duk wasiƙar da ke ɗauke da kalmar biya ko banki a tura musu kwafi, ko a ɓoye ta a wata jakar da ba ka buɗewa. Canza kalmar sirri ba ya goge wannan doka, da hannu ake cire ta. Idan Gmail ne, can ƙasan shafi ta dama akwai wurin da ke nuna daga ina aka shiga asusunka kwanan nan. Bayan ka share, sai ka canza kalmar, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka ce wa mutuminka na Chana shi ma ya yi haka.

Inda zaɓin manhaja yake da ɗan tasiri shi ne a abin da take nuna wa idonka. Manhajojin waya sukan nuna sunan mai aikowa kawai su ɓoye adireshin, suna kuwa kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama. A kwamfuta adireshin yana fitowa a fili idan ka buɗe wasiƙar. Ka buɗe waccan wasiƙar a babban allo, ka ajiye ta gefe da wata tsohuwa ta gaskiya, ka bi adireshin harafi bayan harafi. Sukan sa r da n a jere su yi kama da m, ko lamba 1 a wurin harafin l, ko su ƙara ɗan layi a tsakiyar sunan kamfani. Sannan ka danna maɓallin amsawa, kada ka aika, ka duba adireshin da ya hau layin wanda za a aika wa. Sau da yawa a nan asiri yake tonuwa, don ana iya saita wasiƙa ta fito daga adireshi ɗaya amsarta ta tafi wani.

Daga yau kuma ka kafa wa duk mai taɓa kuɗi a shagonka doka: lambar asusun banki ba ta canzawa ta imel. Duk wanda ya ce ya canza banki, a kira shi a lambar da take cikin wayarka tun da, ba wadda aka rubuta a ƙasan wasiƙar ba, a ga fuskarsa, ya karanto lambar asusun da bakinsa kana rubutawa. Ita kuma waccan wasiƙar kada ka goge ta. Ka tura wa mutuminka kwafinta a matsayin maƙalallen fayil, don wanda yake duba musu kwamfuta ya ga hanyar da ta biyo.